Bambance kififiyar Amurka mai cizo iri biyu

'Yan uwa, masu ɗora hotunan kififiya suna yawan kasa bambance Chelydra serpentina, wato gama-gari, da Macrochelys temminckii, babbar da ake kamanta ta da kada. Ku fara da ido. Idan an leƙa daga sama ana ganin idanun, gama-gari ce. Na babbar suna gefen kai, kewaye da tsiron nama kamar gashin ido, ga ƙaton kai da baki mai ƙugiya.

Kada ku dogara da tudu ukun da babbar take da su a ƙoƙon baya. Nan ne aka fi yin kuskure, domin 'ya'yan gama-gari ma suna da su, sai sun girma bayan ya yi sumul. Abin da ba ya yaudara shi ne ƙarin jerin ƙananan faranti, yawanci uku, a kowane gefen ƙoƙon babbar, a saman farantan bakin gefe. Gama-gari ba ta da su. In ta hangame baki kuka ga jan abu kamar tsutsa a harshe, babbar ce, da shi take yaudarar kifi.

Wuri ma shaida ne. Babbar tana kogunan da ke malala zuwa Tekun Meziko, kuma da wuya ta fito tudu sai mace mai neman wurin ƙwai. Wadda aka gani tana tsallaka titi a Kanada gama-gari ce.

A ɗauki hoto daga nesa. Wuyan gama-gari dogo ne, yana kaiwa baya sosai, ɗaga ta da wutsiya kuwa yana lalata mata ƙashin baya.