Kurakuran da aka fi yi wajen sauya furosesa a tsohuwar kwamfutar tebur

Kuskuren da ya fi cin kuɗi a wannan aiki yana faruwa ne tun kafin a buɗe akwatin kwamfutar, wato mutum ya yanke hukunci cewa furosesa, guntun da ke sarrafa duk aikin kwamfuta, ita ce ke jawo nawa ba tare da ya bincika ba. A yawancin tsofaffin kwamfutocin da ke ɗaukar mintuna kafin su gama tashi, mai laifin shi ne faifan ajiya mai juyawa, ko kuma RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi, da bai wuce gigabayit 4 ba. Binciken ba shi da wuya. A danna Ctrl da Shift da Esc tare domin Task Manager, shafin Windows da ke nuna yadda kowane sashe ke aiki, ya buɗe, a ci gaba da aikin da kwamfutar ta saba cijewa a kansa, a sa ido a kan alƙaluman. Idan faifan ya kafe a kashi 100 alhali furosesa ba ta kai rabi ba, to SSD ake buƙata, wato faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa, kuma sabuwar furosesa ba za ta sauya komai ba. Sai an ga furosesar ce ke cika maƙil yayin da sauran ke hutawa, sannan maganar sauya ta take da tushe.

Wanda ya wuce wannan mataki yakan faɗa wa kuskure na biyu, shi ne ya fara zaɓar furosesar da ransa ke so, sannan daga baya ya tambayi ko za ta shiga. Babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, shi ke da ta cewa. Kowane allo yana da soket, wato gurbin da furosesa ke zama, iri ɗaya tak, kuma kamfanin Intel ya sha sauya nasa: LGA 1156 a 2009, LGA 1155 a 2011, LGA 1150 a 2013, sai LGA 1151 a 2015. Lambobin suna nuna yawan alluran da ke cikin soket ɗin, kuma ko da bambancin allura ɗaya ne, kamar tsakanin 1155 da 1156, furosesar wannan ba ta zama a wancan. Wanda ya matsa da ƙarfi ba zai samu komai ba sai lanƙwasassun allurai.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne dacewar soket ba ta wadatar ba. LGA 1151 ya isa misali: allunan da cifset ɗinsu, wato guntun da ke haɗa sassan allo, yake na jerin 100 da 200 suna karɓar zubi na shida da na bakwai na furosesoshin Intel Core, amma zubi na takwas da na tara sai jerin 300, duk da cewa furosesar za ta zauna daram a soket ɗin, a rufe ta, a ɗaura fanka, a kunna, ba a ga komai a fuskar kwamfutar ba. Haka abin yake a LGA 1155, inda cifset irin su H61 da Z68 ke iya karɓar zubi na uku bayan an sabunta BIOS, wato manhajar cikin allon da ke tayar da kwamfuta, amma Q65 da Q67 da B65, waɗanda aka fi sakawa a kwamfutocin ofis, suka tsaya a zubi na biyu. Mai kwamfutar ofis irin wannan da ya sayo Core i7-3770 ya yi asara, domin iyakarsa zubi na biyu, irin su Core i7-2600. Maganin wannan duka ɗaya ne: a samo cikakken sunan allon, ko daga rubutun da ke jikinsa ko ta manhajar CPU-Z, a je shafin kamfanin da ya ƙera shi a karanta jerin furosesoshin da ya amince da su. Abin da ba ya cikin jerin, a ɗauka ba ya aiki. Kwamfutocin da kamfanoni irin su Dell da HP da Lenovo suka haɗa jerinsu ya fi gajarta, wasu ƙananan kuma an liƙe furosesarsu da dalma, ba a cire ta ko kaɗan.

A cikin wannan jeri akwai wani layi da ake yawan tsallakewa, wanda ke faɗin lambar BIOS da kowace furosesa ke buƙata. Dole a sabunta BIOS tun tsohuwar furosesa na ciki, domin da zarar an cire ta aka saka wadda allon bai sani ba, babu hanyar shiga a yi sabuntawar, in ba a allunan da ke da maɓallin sabuntawa ta filashi ba tare da furosesa ba, waɗanda ba su da yawa a cikin tsofaffi. Masu soket AM4 na AMD sun fi kowa cin moriya a nan, don allon B350 da aka saya a 2017 tare da Ryzen na farko yana iya ɗaukar Ryzen 5 5600, tun da aka buɗe wa cifset na jerin 300 na AMD wannan ƙofa a 2022. Sai dai wasu allunan suna buƙatar a bi sabuntawar mataki-mataki, wasu kuma sabon BIOS ɗinsu ya zubar da tsofaffin furosesoshi saboda ƙarancin wuri, don haka bayanin da ke ƙarƙashin kowace lamba abin karantawa ne. Kada kuma a sayar da tsohuwar sai sabuwar ta yi kwanaki tana aiki lafiya.

Akwai kuma ruɗin lambobi. Gigahaz, ma'aunin gudun furosesa, ba ya auna ƙarfi sai tsakanin furosesoshi na zubi ɗaya, kuma an san haka tun 2006, lokacin da Core 2 Duo E6600 mai 2.4 ta bar Pentium 4 mai 3.8 a baya. Sunan i7 ma haka yake, domin i7-2600 ta 2011 ƙwaya huɗu gare ta, wato sassan aiki huɗu a cikinta, daidai da i3-12100 ta 2022, wadda ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. A ganina wannan ne ya kamata ya sa mutum ya yi hattara da furosesar ƙoli ta kowane tsohon soket, irin su i7-4790K da i7-7700K. Kowa ita yake nema, shi ya sa farashinta na hannu ba ya sauka yadda ya kamata. Harafin K kuwa, a Intel, a galibi ba ya ba da damar ƙara gudu sai a cifset mai harafin Z.

Wuta da zafi su ma ana mantawa da su. Allon da aka yi wa furosesa mai wat 65 ko 95 zai wahala da FX-8350 mai wat 125, balle FX-9590 mai wat 220, kuma alamar ita ce kwamfutar ta riƙa rage gudu da kanta ko ta mutu ana tsakiyar aiki. Siraran kwamfutocin ofis suna zuwa da ƙaramin akwatin wuta da ƙaramar fanka, saboda haka a kwatanta wat ɗin sabuwar da na tsohuwar kafin a biya.

Ba kowace furosesa ce ke fitar da hoto da kanta ba. Na Intel masu harafin F a ƙarshe, kamar i5-9400F, ba su da sashen hoto, haka ma Xeon E3-1231 v3 da ake yawan sakawa a madadin i7 a LGA 1150, haka kuma Ryzen na AM4 da ba su da harafin G. Wanda wayar fuskar kwamfutarsa ke jone a bayan allo kai tsaye, ba a katin hoto ba, zai kunna ya tarar da duhu, ya zaci an sayar masa da matacciya.

Wanda ke yin wannan duka domin Windows 11 ya fara duba sharuɗɗanta. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 na neman TPM 2.0, wato sashen tsaro mai adana mabuɗan sirri, da, a galibi, Core zubi na takwas ko Ryzen 2000 zuwa sama. Ke nan babu wata furosesa ta LGA 1150 ko LGA 1155 da za ta cika sharaɗin, komai ƙarfinta.

A ranar sauyawa, in faifan yana kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, a dakatar da shi ko a rubuta mabuɗin ceto a takarda, domin a allunan da TPM ɗinsu ke cikin furosesa, sauya ta na iya sa Windows ta nemi mabuɗin. A bar kwamfutar ta yi aiki na ɗan lokaci kafin a kashe ta a zare wayar wuta, domin tsohon man da ke tsakanin furosesa da fanka ya yi laushi. A murɗa fankar a hankali hagu da dama maimakon a fizge ta, don a soket na AMD furosesar kan biyo fankar ta fito, alluranta su lanƙwashe. A goge tsohon man tas, a daidaita ɗan alwatikan zinariya da ke kusurwar furosesa da alamar da ke soket, a sake ta ta zauna da nauyinta, a ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake a tsakiya. Kunnawar farko takan ɗauki lokaci, wani sa'in ma kwamfutar ta kashe kanta ta sake tashi, don haka a ba ta 'yan mintuna kafin a taɓa komai, sannan a shiga BIOS a tabbatar ya karanta sunan furosesar daidai kuma zafinta bai hau ba.