Raspberry Pi ta ƙi ganin Wi-Fi: kurakuran da aka fi yi

A ajujuwan kwamfuta da ƙananan shagunan gyara na Yamai, da zarar alamar Wi-Fi ta ɓace daga kusurwar allon Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, sai a ce katin Wi-Fi ɗin ya ƙone. Da wuya ya zama haka. Kafin a kashe kuɗi kan sabuwa, a duba waɗannan.

Babban kuskure shi ne rashin saka sunan ƙasa a saiti. A Pi 3B+ da 4 da 5, rediyon Wi-Fi yana kulle har sai an zaɓi ƙasar da ake ciki. Buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta `rfkill list`. In ka ga an toshe shi, shiga `sudo raspi-config`, sashen Localisation Options, sai WLAN Country. Lambar Nijar NE ce. NG ta Najeriya ce, kuma mutane da yawa a kanta suke faɗawa. Wanda ya zaɓi Amurka kuwa ya rufe wa kansa tashoshin Wi-Fi na 12 da 13, to in ruta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, tana ɗaya daga cikinsu, Pi ba za ta gan ta ba ko tana gefenta.

Sai caja. Pi 4 tana son volt 5.1 da amfiya 3, Pi 3B+ kuma amfiya 2.5. Cajar waya ta kasuwa da siririyar igiya ba ta kai wa haka, wutar ta sauka, Wi-Fi ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. Rubuta `vcgencmd get_throttled`. In ta ba ka 0x0, lafiya lau. In 0x50005 ce, ƙarancin wuta ne a daidai lokacin nan. Sauya cajar da igiyar tare, kada ka ce ɗaya kawai.

Wasu sukan kunna raba intanet a waya a kan gigahas 5, alhali Pi 3B da Zero W suna jin 2.4 ne kaɗai. A mayar da wayar 2.4.

Tun sigar Bookworm ta 2023 ta Raspberry Pi OS, wato tsarin da ke tafiyar da Pi, manhajar NetworkManager ce ke riƙe da sadarwa, don haka tsohuwar dabarar ajiye fayil ɗin wpa_supplicant.conf a katin ƙwaƙwalwa ta daina aiki. Yanzu `nmcli device wifi list` ne zai nuna maka abin da na'urar ke gani.

Akwai kuma mai ɓata rai: an ga sunan rutar, amma kalmar sirri ta ƙi shiga. Madannai namu galibi na Faransanci ne, tsarin kuwa yakan zo da na Ingila, sai A ta fito Q, Z ta fito W. Rubuta kalmar a fili a wani wuri ka gani tukuna.

Zafin Afrilu yana sa a sayi gidan alminiyom don sanyaya, amma ƙarfe yana raunana sigina, musamman wanda ya rufe kusurwar eriya. Cire gidan ka gwada. In `ip link` bai nuna wlan0, wato sunan Wi-Fi a tsarin, ba ko kaɗan, sai a duba `dmesg | grep brcmfmac`, a sake girka firmware-brcm80211, manhajar da ke tafiyar da Wi-Fi ɗin, ta igiyar intanet.