Sifika ɗaya na ruri, ɗaya na raɗa: inda masu haɗa firi-amf ke kuskure

Kusan kowane wata sai wani ƙanenmu a nan Jidda ya kawo mini firi-amf ɗin da ya haɗa da hannunsa, wato na'urar da ke ɗaga sauti kafin ya shiga babban amf mai tura sifika, kukan dai ɗaya ne: ɓangaren hagu ya fi na dama ƙara. Kafin ya iso kuwa ya riga ya cire ayisi (IC, ɗan cif ɗin da ke ninka sautin) ya jefar, ya sa sabo, matsala na nan daram. Na gaji da ganin riyal na tafiya a banza.

Kafin ka kunna ayon ɗin dalma, musanya wayoyin shiga, na hagu ya koma dama. In raunin ya ƙaura, laifin na abin da ke ba da sautin ne ko na wayar. In bai ƙaura ba, musanya na fita, sannan na sifika. Aikin minti biyu ne, amma samari ba sa yi. Danshin Bahar Maliya yana cin bakin jak ɗin RCA, ka goge shi tukun.

Kuskuren da ya fi cin raina shi ne yarda da launin zobban da ke nuna ƙarfin resista, ɗan abin nan mai rage gudun lantarki. Ni ma ya taɓa kayar da ni. Wani dattijo maƙwabcina ya ce, "Ɗana, haɗa mana abin da za mu sa a walimar auren 'yata." Na haɗa da ayisi mai lamba NE5532, sai dama ta yi shiru-shiru. Dare uku ban runtsa ba. Na canza ayisi sau biyu, na canza bolum, na sake narka dalmar kowace ƙafa. Ashe resistar da ke dawo da sauti daga fita zuwa shiga ce: ina son 47k (om dubu 47), na sa 4.7k. Ta farko rawaya, shunayya, ruwan lemo. Ta biyu rawaya, shunayya, ja. A ƙarƙashin ƙwan ɗakina mai jan haske, ja da ruwan lemo ba su da maraba. Lissafin kuwa ba ya ƙarya: ka raba wannan resistar da wadda ke sauka zuwa ƙasa (giraun), ka ƙara ɗaya. Da 10k a ƙasa, hagu na ninka sauti sau 5.7, dama sau 1.47 kacal, tazarar kusan desibel 12. Sai ana gobe walima na gano, na kai wa Baba kayan da jajayen idanu. Tun daga ranar ba resistar da ke hawa bod ɗina sai ta bi ta mita, na'urar auna lantarki. Kuma don Allah ku daina auna ta tana kan bod, sauran kayan da ke kewaye da ita za su ruɗa mitar. Ɗaga ƙafa ɗaya, bayan ka zare wuta. Masu zoben zinare na iya kaucewa da kashi 5 cikin 100; ni masu kashi 1 nake saye, in tsamo biyu da suka yi daidai da juna.

Sai bolum. In bambancin yana fitowa ne lokacin da ka rage murya, ya ɓace in ka ƙara, to kada ka taɓa ayisi. Bolum na sitiriyo biyu ne a sanda ɗaya, kuma a farkon juyawa ne suka fi saɓawa, musamman masu araha. Tsayar da shi wuri ɗaya, auna daga ƙafar tsakiya zuwa ta ƙasa a kowane ɓangare, za ka gani da idonka. Amma laifin naku ne rabi! Kuna sa firi-amf ya ninka sauti sau 11 ko fiye, alhali na'urar CD kaɗai tana fitar da kusan bolt 2, sai bolum ya maƙale a ƙasa, daidai inda ya fi muni. Ni sau uku nake tsayawa, 22k kan 10k, sai hannu ya samu damar kai shi tsakiya. Wasu na ƙara maɓallin daidaita hagu da dama. Ba na so, rufe ciwo ne da tsumma.

Kunne ma kada ka yarda da shi, sifikar da ke lungu kullum ta fi kauri. Sa sauti ɗaya na haz 100 daga wayar salularka zuwa ɓangarorin biyu, ka auna da mita a ma'aunin bolt na AC. Mitoci masu araha ba sa karanta sauti mai tsini daidai. A ayisi TL072 da NE5532 fita tana ƙafa ta 1 da ta 7. Bi matakin ɗaya bayan ɗaya har inda lambobin suka rabu.

Dalmar da ta dunƙule ba ta kama ƙafa ba, sake narka ta. In kaurin sauti ne kawai ya ragu a gefe ɗaya, duba kafasita (mai ɗan adana caji) da ke kan hanyar sautin, ko ta bushe ko ka sa ƙarama.