Yadda Ake Tuƙa Mota da Gas Ɗin Itace

Mota ba ta cin itace kai tsaye. Abin da take sha shi ne iskar gas da itacen ke fitarwa idan aka ƙona shi cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe da ba ta samun isasshiyar iska. Dabarar ta daɗe, domin wani injiniya, Georges Imbert na Faransa, ya kyautata irin wannan tukunya tun shekarun 1920, kuma da fetur ya yi ƙaranci a Yaƙin Duniya na Biyu, motoci kusan miliyan ɗaya ne suka koma tafiya da ita, musamman a Jamus da Suwidin da Finlan.

Aikin yana farawa ne daga itacen. A nemi mai tauri wanda ya bushe sosai, danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, a sassare shi gutsi-gutsi kamar girman kwalin ashana, don ya riƙa gangarawa ƙasa ba tare da ya toshe ba. Kada a yi amfani da katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara. A nan ne mafi yawan masu gwaji suke tuntuɓe, saboda ɗanyen itace yana sanyaya wutar, wutar da ta yi sanyi kuwa ba ta iya ƙone kwaltar da ke cikin hayaƙi, sai kwaltar ta bi bututu ta je ta manne wa bawul ɗin inji, da safe a tarar sun daskare kamar an zuba musu ƙaro.

Ana zuba gawayi a ƙasan tukunyar, a ɗora itace a kansa, a rufe murfin ruf. Iska tana shiga ta wasu ƙananan bututu da ke kewaye da maƙogwaron tukunyar, wato wurin da ta tsuke, inda zafi ke haura digiri 1,000, sannan hayaƙin ya ratsa jan garwashi ya rikiɗe zuwa iskar gas iri biyu, kabon monoksaid da haidurojin, su ne masu kamawa da wuta. Kusan rabin gas ɗin naitirojin ne da ba ya ci, shi ya sa ƙarfin inji ke raguwa da kashi 30 zuwa 50 cikin 100, kuma direba zai ji hakan a hawan tudu.

Daga tukunya sai gas ya bi ta mazurarin da ke juya shi ya zubar da toka, ya wuce bututun sanyaya masu kama da lagireto, sannan matatar da aka cika da ƙaiƙayin katako ko ƙyalle. A bakin inji ana gauraya shi da iska kusan daidai wa daida, kuma ana matso da lokacin tartsatsin fulogi gaba, domin wannan gas ba ya ci da sauri irin na fetur. Injin dizal kuwa sai an bar masa ɗan dizal da zai riƙa tayar da wutar.

Wajen tayarwa, a kunna gawayin, a sa fanka ta ja iska na minti biyar zuwa goma, sannan a ƙyasta wa gas ɗin wuta a bututun gwaji. Harshen wuta shuɗi mai tsayawa cak alama ce ta gas mai tsabta. Idan ya fito rawaya da hayaƙi, a ƙara haƙuri, kada a buɗe wa inji. Kimanin kilo uku na busasshen itace ne ke maye gurbin lita ɗaya ta fetur.

Abin da ba na so kowa ya ɗauka da wasa shi ne kabon monoksaid, domin ba shi da wari ko launi, kuma yana kisa. A tayar da tukunya a fili kawai, ba cikin gareji ba, a duba kowace mahaɗa da ruwan sabulu don gano yoyo, a kuma kawar da fuska yayin buɗe murfi, saboda gas ɗin da ya taru yakan yi bindiga da zarar iska ta shiga. Bayan kowace doguwar tafiya, a bari ƙarfen ya huce kafin a kwashe toka, a zubar da ruwan da ya taru a bututun sanyaya, a kuma duba matata.