Yadda na gyara tarihin Leonardo da ƙanwata ta rubuta

Malama ta maido wa ƙanwata tarihin Leonardo da Vinci, shahararren mai zane ɗan Italiya, wai duk kirari ne, babu labari. Na gyara waƙafi, a banza. Na ƙara kalmomi, sai ya kumbura.

Daga baya na fara jera shekaru: haihuwa 1452 a Vinci ta Italiya, koyon zane wurin wani mai zane Verrocchio, komawa Milan wajen 1482, rasuwa 1519 a Faransa. Kowane mataki jimla ɗaya tak. Na goge "ya ƙera jirgin sama", na sa "ya zana na'urar tashi a littattafansa", tunda a takarda ta tsaya. Na kuma cire "da Vinci" tsura a matsayin sunansa, tunda ma'anarsa "na garin Vinci" ce, ai kamar ka ce "na Kano" ne. Alhamdulillahi, malama ta karɓa.