Darasi na 7: Man Silikon Mai Nauyi a Cikin Ido

A can bayan ido akwai wani siririn tantani da ke karɓar haske. Likitoci na kiransa ratina. Idan ya yage ya ɗaye, mutum zai riƙa ganin walƙiya da baƙaƙen ɗigo, sannan duhu ya fara rufe gefe guda na ganinsa. Wannan ciwo sai tiyata, kuma ba a jira.

Bayan likita ya mayar da tantanin wurinsa, yakan cika idon da iskar gas ko man silikon don ya danne shi har ya kama. Tun 1962 aka fara sa wannan mai a ido, a Amurka. Mai na yau da kullum ya fi ruwa sauƙi, yana tasowa sama kamar man gyaɗa a kan miya. Saboda haka sama yake dannewa, ya bar ƙasa. Shi ya sa aka haɗa mai nauyi, irin su Densiron 68 da Oxane HD, wanda ke nutsewa ya tokare yagar da ke ƙasan ido. Da shi maras lafiya yakan huta da kwanciyar rub da ciki da akan sa wanda aka zuba wa mai na yau da kullum ya yi.

Amma fa yana da nasa wahalhalun. Yakan tsinke ya zama ƙananan ɗigo-ɗigo, su gangaro gaban ido, su toshe hanyar da ruwan ido ke fita. Daga nan sai hawan jinin ido. Wani zai ji ciwon ido da ciwon kai har da amai. Wani kuwa ba zai ji komai ba, jijiyar gani tana lalacewa a hankali, kuma abin da ta rasa ba ya dawowa. Wannan shi ne abin tsoro. Sai an auna idon a asibiti ake ganewa.

Man yana kuma kawo kumburi da jan ido, da yanar ido. Wani lokaci ƙasa ta kama, sama ta sake ɗayewa.

Ba a barin man nan ya zauna. Galibi cikin watanni kaɗan ake sake tiyata a cire shi. Mutane da yawa da sun ga sauƙi sai su ce, "Ai na warke," kuɗin mota kuma ga shi ya yi wuya, ranar komawa ta wuce. Kada ka yi haka. Ka ɗiga magani a kan lokaci, da hannu wankakke. Ban da kwalli, ban da tozali, ban da murza ido. In duhu ya dawo ko ciwo ya tsananta, ka tafi asibiti a ranar.

Aikin aji: Ɗauko katin asibiti. Nemo ranar komawa, ka karanta ta da ƙarfi, sannan ka rubuta ta da lambobi a littafinka.