Yadda Ake Gina Mugun da Zai Riƙe Labarin Fim

Yawancin rubutun da sababbin marubuta ke yawo da shi a ofisoshin 'yan fim na titin Gidan Zoo a Kano ciwonsu ɗaya ne. Jarumi ya samu shafi guda na bayani, mugu kuwa layi ɗaya: "Alhaji ne mai kuɗi, mugu, yana son yarinyar." Sai a je lokeshan a saka masa babbar riga, darakta ya ce ya riƙa zare ido yana ƙyaƙyata dariya. Mai kallo a YouTube yana ganinsa ya san inda za a ƙare, sai ya wuce wani fim ɗin.

Ba zan tsaya kan yadda ake jera sin (wato fitowa-fitowar da ke cikin fim) ba, na ɗauka ka riga ka iya.

Abu na farko, ajiye jaruminka gefe. Fara rubuta mugun, domin shi ne mai tayar da ƙura, jarumi martani kawai yake mayarwa. Ka rubuta abin da yake so a jimla ɗaya, kuma ya zama abin da za a iya nunawa a kyamara: gida, fili, kujera, aure. "Yana son ya ga bayan jarumi" ba buƙata ba ce, lalaci ne na marubuci.

Mataki na biyu shi ne inda kusan kowa ke faɗuwa, wato hujja. Dole mugunka ya kwana ya tashi yana ganin shi aka zalunta. Ɗauki wannan misalin. Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ƙanensa ya kwanta jinya, sai ɗan kasuwar ya sayar da rumfarsa ya biya kuɗin asibiti, duk da haka rai ya yi halinsa. Ya ɗauki marayun ya ciyar da su, ya kai su makaranta, ya gyara gidan da mamacin ya bari a Fagge da kuɗin aljihunsa. Yanzu babban ɗan ya girma, yana so a raba gado. A hukuncin gado kuwa, matuƙar mamaci ya bar ɗa namiji, ɗan'uwansa ba shi da ko sisi, an katange shi. To Baffa ya ɓoye takardun gidan.

Shin yana da gaskiya? Ba shi da ita, cin dukiyar maraya ne ƙarara. Amma duk wanda ya taɓa riƙon 'ya'yan ɗan'uwa zai ji wani abu ya tsaya masa a maƙogwaro. Wannan ake nema. Ka zauna ka rubuta shafi guda da bakin Baffa, kamar yana kare kansa a gaban dattawan unguwa. Ba za ka saka shafin a fim ba. Idan ka karanta ba ka ji ka fara tausaya masa ba, yaga ka sake. Kuma kada ka ruɗe, hujja daban, uzuri daban. Wasu idan aka ce su ba mugu dalili sai su cusa sin ɗin tuna baya inda matar uba ke dukansa yana yaro. Ni ban yarda da wannan ba. Dalilin ya kasance yana raye a cikin rikicin da ake yi yanzu, a cikin gidan nan da ake faɗa a kansa.

Na uku, ba shi ƙarfin da jarumi ba zai iya taɓawa ba. A nan marubutanmu ke ɗebo 'yan daba da bindigar roba da manyan motoci, saboda bos ɗin fim ɗin Indiya da muka taso muna kallo. Wannan kuɗi ne kawai zai ci wa furodusa: hayar mota, sallamar yara goma, abincinsu, ga kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da za ta iya cewa a yanke wani wuri. Alhali a Kano akwai makamin da ya fi wuƙa kaifi, shi ne girma. Yaron nan ba zai iya ɗaga murya a gaban Baffansa ba. Ranar da ya kai shi kotu, dangi kaf za su ce butulu ne, wataƙila har gidan da yake neman aure su ji. Baffa kuma shi ne waliyyin ƙanwar yaron. Duk wannan a zaure ɗaya za ka ɗauke shi, da tabarma da buta.

Boka kuwa, don Allah ka bar shi ya huta. Da zarar mugu ya tsuguna gaban boka, wayonsa ya tashi daga aiki, labarin ya koma hannun aljanu.

Na huɗu, bakinsa. Mugun kirki ba ya cewa "sai na ga bayanka". Baffa zai ce, "Ɗana, zauna mana. Ni da na yi maka wankan jarirai kake tambaya takarda?" Murya ƙasa-ƙasa, carbi a hannu, yana tambayar ko yaron ya ci abinci. Ka ba shi ko sin ɗaya da zai yi alheri na gaske ba tare da wata manufa ba, don mai kallo ya rasa inda zai ajiye shi.

Sannan ka bar shi ya ci nasara. A tsakiyar labari dole jarumi ya sha ƙasa sosai, ta hanyar da mugun ya tsara da kansa. Idan fim mai dogon zango kake rubutawa, kowane zango ya ƙare da Baffa yana gaba da taku ɗaya, in ba haka ba kafin kashi na goma ya zama abin dariya.

Ƙarshe kuma kada ka kira haɗarin mota ko shanyewar ɓarin jiki ko hauka su yi maka aiki, haka nan tuban minti biyu a gadon asibiti. Abin da zai kayar da shi ya fito daga halinsa: tun da mutum ne mai rubuta duk kobon da ya kashe wa marayun a littafi, littafin nan ne zai nuna kuɗin hayar shagunan gidan da ya yi shekaru yana karɓa. Wajen zaɓar ɗan wasa kuma, ka roƙi furodusa kada ya ba wanda aka saba gani a matsayin mugu, a ba mai fitowa a uba nagari ko liman.